Kumburi Ba Ƙiba Ba Ne: A Daina Dillancin Sha-Ka-Fashe a Cikin Littattafai



Wannan makon da mu zan yi, domin ɓarnar a cikin sana'armu take. Buɗe littattafan da ake turawa babi-babi a WhatsApp ka gani: kafin a shiga labari, an jibge tallar "haɗin ƙiba na sati biyu" da lambar waya. Ka shiga labarin kuma, tauraruwa cikakkiya ce gaba da baya, kishiya ko 'yar aiki ita ce "ƙwarangwal", "sillen kara". Sama talla, ƙasa gori. Yarinyar da ta karanta wannan a Jega ko Maiyama tana shirin aure, ko ɗalibar jami'a a Aliero da ƙawaye ke wa dariya, ina kuke zaton za ta nufa? Kemis, ta ce a ba ta sha-ka-fashe.

To mene ne sha-ka-fashe? Galibi ƙwayoyi biyu ne. Ta farko deksametason, wadda aka fi sani da dexa. Magani ne na gaske: a watan Yunin 2020 masu bincike a jami'ar Oxford ta Ingila sun nuna yana rage mutuwa ga masu korona da numfashinsu ya yi tsanani. Amma ba don ƙiba aka yi shi ba. Idan aka daɗe ana sha, yana tara ruwa a jiki, ya tura kitse zuwa fuska da ciki da ƙeya, ya cinye naman hannuwa da cinyoyi. Fuska ta yi zagaye, mutane su ce masha Allah, alhali a ciki sukari na hawa, jini na hawa, garkuwar jiki na faɗuwa, fata na nanƙarwa, ƙashi na zama kamar ɓawon gyaɗa. Aliero ta yi suna da masu ɗori, amma ƙashin da ƙwaya ta rarake ya fi ƙarfin karan ɗori. Ta biyu saifuroheftadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa, wanda ke buɗe ci ya kuma saukar da barci da kasala.

Wadda ta riga ta daɗe tana shan dexa, kada ta yanke shi rana ɗaya. Jiki ya daina samar da nasa sinadarin, yankewa kwatsam na iya kai mutum kushewa. Likita ne zai rage shi mataki-mataki.

Na san amsar da za a ba ni: "Talla ce ke saya mana data." Gaskiya rubutun Hausa ba ya biya yadda ya kamata. Amma mai karatunka amana ce. Ba don mai haɗin ta yarda ba, don sunanka da ke saman shafin ta yarda. Wasu za su ce, "Namu na gargajiya ne." Ka san abin da ke cikin robar? An sha gano sitiroyid a ɓoye cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan ganye a ƙasashe daban-daban. Ko lambar NAFDAC a jikin kwali ba izini ba ce ta shan magani don abin da ba a yi shi dominsa ba.

In kuwa da gaske muna tausayin ramammu, ga abin da ya cancanci shiga shafukanmu.

Da farko a auna. Raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar babban mutum a matsayin ramamme idan sakamakon bai kai 18.5 ba. Mai kilo 45 da tsawon mita 1.65 tana kan 16.5, tana buƙatar kusan kilo biyar ko shida. Mai kilo 55 a wannan tsawon tana kan 20, lafiyarta ƙalau, gori ne kawai ciwonta.

Na biyu, a nemi dalili. Ramar da ta zo ba tare da an rage ci ba saƙo ce. Tarin fuka, ciwon sukari, tsutsar ciki, ƙanjamau, cutar maƙoƙo mai ƙona abinci da sauri, har da damuwa, duk suna ramar da mutum. Tari na sati biyu da gumin dare sai asibiti, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mai tarin fuka da ya sha dexa ya buɗe wa cutar ƙofa ne da hannunsa.

Na uku, abinci. Ƙarin kalori 300 zuwa 500 a kullum kan abin da aka saba ci ya isa ya kawo kwata zuwa rabin kilo a mako. Ba sai kaza da madarar gwangwani ba. Gyaɗa giram 100 na ɗauke da kalori sama da 550 da furotin kusan giram 25. Ƙwai ɗaya na da furotin giram 6. Cokalin cin abinci na man gyaɗa a kan shinkafa da wake ya kusa kalori 120. Ga fura da nono, kunun gyaɗa, awara, ɗanwake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, dabino, kifi. Wanne ne babu a kasuwar Jega? Jihar da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na tarayya a cikinta a 2015 bai kamata 'ya'yanta su nemi jiki a cikin ƙwaya ba. Wanda ba ya iya ci da yawa ya kasa abincinsa biyar ko shida a wuni, kada ya cika ciki da ruwa ko lemon kwalba kafin ya zauna ci.

Na huɗu, motsa jiki. Ana cewa ramamme ya kwanta ya huta don kada ya ƙara zubewa. Kuskure ne. Abinci ba motsi kitse ne a tumbi, abinci da ɗaga nauyi shi ne tsoka. Kwana biyu ko uku a mako sun isa: tsugunawa da miƙewa, dafa ƙasa da hannuwa ana ɗaga ƙirji, ɗaga jarkar ruwa mai lita goma, wato kilo goma. Kowanne sau takwas zuwa goma sha biyu, a huta, a maimaita sau uku. Mace za ta iya yin duk wannan a cikin ɗakinta. Sai barci na awa bakwai ko fiye. Wata uku ko huɗu a kan haka, ma'auni zai yi magana. Sannu ba ta hana zuwa.

Don haka ga ƙalubalena na wannan makon. Duk mai tallar ƙiba a saman littafinsa ya tambayi mai haɗin sunan kowane abu da ke ciki. In ta ce sirri ne, ya sauke tallar. Sannan a littafinka na gaba ka ba mu tauraruwa siririya wadda ake so a yadda take, ko wadda ta rame, aka kai ta asibiti, aka gano dalili, ta murmure da kunun gyaɗa. Alƙalamin da ya iya sa yarinya ta tsani jikinta zai iya hana ta zuwa kemis.

Mai ja, fili a buɗe yake, amma ya zo da hujja. Allah Ya sa mu fi ƙarfin son zuciyarmu.