Ana Fakewa da Zulaiha, Ana Harbin Matanmu

Ya kai mai karatu, ba ni aron hankalinka kaɗan. Aikina koya wa manya karatu, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau cikin aikin nan ya same ni.

A Jiratawa muna da aji biyu. Ni ke da na maza da dare, wata malama ke da na mata bayan la'asar. Ranin da ya wuce malamar ta kawo mini kuka, ta ce ɗalibarta da ta fi kowa ƙwazo ta daina zuwa. Wata huɗu kacal matar nan ta iya rubuta sunanta, har ta fara rubuta kuɗin zogalen da take saidawa. Da na bincika, ashe mijinta ɗalibina ne. Na same shi a lambu, muka gaisa, na ce, "Malam, lafiya ba a ga uwargida a aji ba?"

Ya ce, "Lafiya lau, Mushe. Ni na hana. Yau ta rubuta sunanta, gobe ta rubuta wa wani saƙo a waya. Ba ka ji abin da Zulaiha ta yi wa Annabi Yusuf ba? Ai Allah da kansa ya ce makircin mata ya fi na Shaiɗan."

Ba a bakinsa kaɗai na ji wagga magana ba. Na ji ta a majalisa a Tibiri, na ji ta a tashar mota a Maraɗi, na ji ta bakin yaran da ko gemu ba su yi ba. To, tun da an ce Allah ne ya faɗa, mu buɗe Littafin mu duba.

Labarin yana cikin Suratu Yusuf, sura ta 12. Ayar da ake jawowa ita ce ta 28, inda aka ce kaidin mata babba ne. Wa ya faɗi haka? Mijin matar ne, Azizun Masar, lokacin da ya ga rigar Yusuf ta yage daga baya. Wasu malamai sun ce mai shaidar nan na danginta ne ya faɗa. Ko wanne ne, mutum ne ke magana cikin ɓacin rai, Alƙur'ani kuma ya ba mu labarin abin da ya ce, kamar yadda ya ba mu labarin maganganun Fir'auna. Ba kowace magana da aka hakaito ba ce hukunci.

Batun Shaiɗan kuwa daga wata sura aka ɗauko shi, Suratun Nisa'i, aya ta 76, inda ake ƙarfafa wa muminai zuciya a fagen fama da cewa kaidinsa mai rauni ne. Haɗa ayoyin biyu ya daɗe, ban musa ba. Zamakhshari, wanda ya rasu a 1144, ya kawo shi a tafsirinsa daga bakin wani malami. Amma fahimtar wani malami daban, faɗar Allah daban. Wanda ya ɗinka baki biyu da nasa zare bai kamata ya ce haka aka saƙa zanen ba.

Sannan ka ƙirga masu kaidi cikin surar. Tun aya ta 5 Annabi Yaƙubu ya gargaɗi ɗansa kada ƴan'uwansa su ƙulla masa kaidi, da wannan kalmar ɗaya. Su wa suka jefa yaro rijiya? Maza. Su wa suka shafa wa riga jinin ƙarya, suka zo wa tsoho da kuka da dare? Maza. Su wa suka saida shi da ƴan kuɗi kaɗan? Maza. Su wa suka ga alamun gaskiyarsa ƙuru-ƙuru, duk da haka suka ga ya fi a kulle shi, kamar yadda aya ta 35 ta nuna? Manyan gari ne, maza. Amma ban taɓa jin an hana namiji zuwa aji don abin da ƴan'uwan Yusuf suka yi ba. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen na mata.

Kuma masu wagga magana ba su kai labarin ƙarshe. A aya ta 51 matar ta tsaya gaban sarki, ba wanda ya ɗaga mata bulala, ta ce gaskiya ta bayyana, ita ta neme shi, shi mai gaskiya ne. Ayar da ke biye kusa, ta 53, wadda ke cewa rai mai yawan umarni da mugun abu ne, Ɗabari ya ce maganar Yusuf ce, amma Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibn Kasir sun ce ta matar ce. Ka gaya mini, ya mai karatu, manya nawa ka sani da za su tsaya a fada su ce, "Ni na yi ƙarya, wanda aka ɗaure ba shi da laifi"?

Wani abin mamaki, Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba, matar Azizu kawai ya ce. Littafin da maƙwabtanmu Kirista ke karantawa shi ma bai ambata ba. A Farawa, sura ta 39, matar Fotifar ce, kuma can labarinta ya yanke daga inda ta yi ƙazafi aka kulle Yusuf, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Sunaye daga baya suka zo. A tafsirin Ɗabari an kira ta Ra'ilu, wasu suka ce Zulaiha, shi ne ya bi duniya.

Tun daga nan kowa ke ɗibar abin da yake so daga jikinta. Masu zanen Turai sun tsai da ita a wuri guda, kan gado tana jan riga. Rembrandt, mutumin Holan, ya zana ta haka a 1634, cikin kamar da ba ta faɗuwa a jarida. Su wannan lokacin kaɗai suka gani cikin rayuwarta. A Herat kuwa, cikin Afganistan ta yau, malamin Sufaye Abdurrahman Jami ya yi mata doguwar waƙa da Farisanci a 1483. A wurinsa ita ce misalin ran ɗan Adam da so ya ɗimauta, ta tsufa, ta makance, dukiya ta ƙare, ta fasa gunkinta, son bawa ya kai ta ga son Ubangiji. A 1488 mai zane Bihzad ya zana gidan nan mai ƙofofi a kulle, Yusuf yana neman mafita, kuma littafin da zanen ke ciki yana ajiye a Alƙahira. Fim ɗin Annabi Yusuf da aka yi a Iran a 2008, wanda da yawanmu suka kalla da fassarar Hausa, wannan hanyar ya bi.

A yi hattara dai. Tsufanta da makantarta da auren da aka ce sun yi daga baya ba su cikin Alƙur'ani, kuma malamai da yawa ba su yarda da ingancinsu ba. Ban kawo su don hujja ba. Na kawo su don ka ga mace guda ce, wani ya maishe ta tambarin lalata, wani ya maishe ta tambarin tuba. Zanen yana nuna zuciyar mai zane fiye da fuskar wadda aka zana.

Kakanninmu kuma sun riga sun faɗi nasu ra'ayi ran suna. Shiga kowace unguwa a Maraɗi ko Tibiri ka ɗaga murya ka ce "Zulai!", ka ga ɗiya nawa za su waiwayo. Wa ya taɓa yanka rago ya raɗa wa ɗansa Fir'auna ko Ƙaruna? Da sun ɗauke ta la'ananniya, da ba su ba ɗiyansu sunanta ba.

Kada wani ya ce ina wanke ta. Ta yi laifi babba. Ta nemi abin da ba nata ba, ta yi ƙarya, bawan Allah ya yi shekaru a kurkuku. Har yau ƙazafi na kashe aure, yana zubar da mutuncin maza da mata. Amma mene ne darasin rigar? A duba shaida kafin a yanke hukunci, daga gaba ta yage ko daga baya. To, kai da ka hana matarka karatu don saƙon da ba ta rubuta ba, zuwa ga mutumin da babu shi, ina taka rigar? Ka tuhumi marar laifi, ka kulle ta. Cikinku biyu, wa ya ɗauko halin da kake zagi?

Kuma hasarar gidanka take faɗawa. Macen da ba ta karatu ba ta san ranar da aka rubuta mata a katin awo ba. Ba ta san ko cokali ɗaya aka ce a ba yaro ko biyu ba. Saƙon kuɗi ya shigo waya, sai ta kai wa yaron maƙwabta ya karanta, asirin gidanka ya fita. Wayon nan da kake tsoro shi ne ke riƙe da tukunyarka. A ƙasar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, yau ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. In sun ciyar da mu da rani mu ce dubara, in sun nemi alli da allo mu ce makirci.

Wagga gardama ba yau aka fara ta ba. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya soki malaman da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci a littafinsa Nurul Albabi. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Kakanninmu na Maraɗi da Tibiri sun yi yaƙi da Sakkwato, gaskiya ne, amma gaskiya ko daga bakin abokin gaba ta fito, a ɗauka.

Ɗalibin nan nawa ban yi masa dogon wa'azi ba, don ni ba malamin tafsiri ba ne. Na aro tarjamar Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Gumi, na buɗe masa surar, na ce ya karanta da kansa, tun da yanzu ya iya. Ya bi da yatsa, baƙi bayan baƙi, har ya kai aya ta 28. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mushe, ashe mijin ne ya faɗa." Har yanzu uwargida ba ta dawo ba. Ya ce sai ya tambayi limaminsu, na ce madalla, ya tafi da littafin.

Kai ma abin da nake roƙonka ke nan. Kada ka tsaya ga maganata. Karanta surar daga farko har aya ta 111, ka tambayi malamin da ka yarda da shi. In ka ga yadda na faɗa, gobe bayan la'asar ka saya wa uwargida bik da kaye, ka ce ta tafi aji. Allah ya sa mu gane. Wassalam.