Kwamfuta A Ajin Zana: Wanne Za A Fara?

Jama'a, duk lokacin da aka tashi maganar gyaran makarantun gwamnati a Nijar, sai mu ji ana cewa a kai wa yara kwamfuta da intanet. Magana ce mai daɗin ji. To amma mu da muke cire kuɗin littafi da alli daga cinikin kasuwar Gidan Rumji, tilas mu tambaya: a wane aji za a ajiye na'urar?

Idan ba mu manta ba, ranar 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a birnin Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu. A watan Afrilu na shekarar, irin haka ta faru a Yamai. Ga kuma ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori, waɗanda suka karɓi 'yan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina tun 2019, yara suka ƙaru a kan ajin da dama ya cika. Wutar lantarki ma mun ga halinta a 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke mana.

Ba yau ƙasar nan ta fara gwada na'ura a aji ba. A 1964, da taimakon Faransa, aka soma koyar da yara ta talabijin. Duniya ta yaba, amma azuzuwa kaɗan shirin ya kai, kuma kafin 1980 ya mutu.

Akwai kuma gwajin da ya yi albarka. A 2009 da 2010, a jihohin Doso da Damagaram, an sa wayar salula cikin karatun yaƙi da jahilci na manya, a Hausa da Zabarmanci. Waɗanda suka koyi rubuta saƙo da waya sun fi sauran a rubutu da lissafi. Dalili kuwa shi ne akwai malami a gabansu, darasin da harshensu ne, kuma wayar abin amfaninsu ne a kasuwa.

Wannan shi ne darasin. Mai tuwon sayarwa ba ta sayen kwanuka kafin ta auno hatsi. A fara da ginannen aji, a biya malamin kwantiragi albashinsa kan lokaci, a horar da shi. Tun da a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, a rubuta darussa da ita. Sannan na'ura ta biyo baya da farantin hasken rana.

Mu kuma iyaye, musamman mata, mu riƙa zuwa taron kwamitin makaranta. In an kawo kaya, mu tambaya wa zai gyara su in sun lalace, kuma da kuɗin wa. Allah ya sa mu dace.