A Juya Kwalin Kafin A Biya Kuɗi

'Yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan aji shida da suka fara lissafin kayan walimar yaye su tun ba a gama jarrabawa ba.

Duk wadda ta shiga shagon kayan kwalliya kwanan nan, ko ta leƙa teburin masu baza kaya a bakin titi, ta ga salon da ya yawaita, wato kwali mai taga. An yanke gaban kwalin an manna wata leda mai kauri garai-garai, ta yadda jan-baki ko hoda ko kwalbar turare za ta riƙa kallonki kina kallonta ba tare da an buɗe ba. Abin yana da kyau a ido, ba ƙarya. Ni ra'ayina shi ne tagar nan tana da amfani, amma mun ɗora mata aikin da ba za ta iya ba, kuma fatarmu ce ke biyan kuɗin kuskuren.

Bari in fara da ba ta haƙƙinta. Yayata tana sayar da kayan kwalliya a gida, ni ce 'yar tsaron kanta ranar Asabar da Lahadi, don haka na san yadda ciniki yake kafin zuwan taga. Mace za ta shigo ta ce a buɗe mata jan-baki ta ga launi. Ta goga a bayan hannu, wata ma kai tsaye a leɓe, sai ta ce bai karɓe ta ba. Ta bayanta ta zo ta yi haka. Kafin mako ya zagayo jan-bakin ya zama na kowa, babu mai saye, Yaya ta yi asara. Kuma asarar kuɗi ce ƙarama a nan. Jagira ko gazal da ya zaga idanu biyar hanya ce ta ɗaukar ciwon ido irin apolo, haka jan-bakin da ya zaga leɓuna yana iya raba wa mutane ƙurajen baki. Da kwali mai taga, mai saye ta ga launin da idonta, kaya kuma suna rufe da hatiminsu. Ga masu fata irin tamu wannan ba ƙaramin taimako ba ne, domin hoton da ake bugawa a jikin kwali sau da yawa ya sha bamban da ainihin hodar da ke ciki. Wadda ta taɓa sayen hoda bisa hoto ta koma gida ta ga fuskarta ta yi fari fat kamar ta faɗa buhun fulawa ta san abin da nake nufi.

To amma iyakar aikin taga ke nan: launi da siffa. Mu kuwa da zarar mun ga abu a fili sai zuciya ta kwanta, mu ce ai gani ya kori ji, wanda ya nuna kayansa ba shi da abin ɓoyewa. A nan ne nake ganin muna yaudarar kanmu.

Ku ɗauki kwalli misali. Babu kayan kwalliyar da ya kai shi fitowa fili, domin a kasuwa dutsensa ake baje maka tsirara, ko kwali babu balle taga. Ka ɗauka, ka juya, ka ga sheƙinsa. Duk da haka ido ba ya gaya maka cewa irin wannan dutse mai ƙyalli yawanci ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, da aka bincika sai aka gano daga kwallin da ake sa masa a ido ne, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na kwallin dalma ce. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba, bayan ɗaruruwan yaran da ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010. Idan abin da ke tafin hannunka zai iya ɓoye guba haka, ina ga wanda ke bayan leda?

Inda abin ya fi damuna shi ne man shafawa. Za ki ga kwalba a kwali mai taga, man ciki fari tas ko ruwan hoda mai ɗaukar ido, an zana karas ko gwanda ko lemun tsami a gefe. Kyan ɗan maciji ke nan. Zaiba, wato ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da muke gani cikin ma'aunin zafi a ɗakin gwaje-gwaje, idan aka haɗa gishirinta cikin man bilicin ba ta da wani launi da za ki gane. Haka haidirokwinon, haka magungunan sitiroyid masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma iya cutar da jaririn da ke ciki. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, nankarwa ta ɓarke, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Haidirokwinon kuwa idan aka daɗe ana shafa shi yana iya barin baƙin tabo mai wuyar fita, wato ya kai ki akasin inda kika nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da kayan sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Ku dubi gaɓoɓin yatsun wasu a layin asambali.

Akwai kuma abin da taga take yi wa kaya masu kyau ma, waɗanda ba jabu ba. Kun lura wasu sinadarai a ɗakin gwaje-gwajenmu a kwalba mai ruwan ƙasa ake ajiye su, kamar yadda ake zuba yawancin maganin tari na ruwa? Dalili shi ne haske yana lalata su. Haka wasu kayan shafa suke. Ruwan gyaran fuska mai bitamin C idan haske da iska suka same shi yakan rikiɗe daga fari zuwa rawaya zuwa ruwan ƙasa, ƙarfinsa ya tafi. Turare ma rana da zafi suna sauya masa ƙamshi. Yanzu ku ɗauki kwali mai taga ku ɗora a tebur a bakin titi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Rana ta shiga ta ledar, zafi ya taru a ciki kamar motar da aka rufe gilasanta. Jan-baki ya yi gumi ya lanƙwashe, mai ya rabu ruwa a sama. Wanda ya tsara kwalin ya tsara shi ne don kanti mai sanyi da inuwa, mu kuma rabin cinikinmu a rana ake yi. Shi ya sa idan na ga ruwan fuska mai tsada a kwalba garai-garai cikin kwali mai taga, sai in fara shakkar ko mai yin sa ya damu da abin da ke ciki.

Wata 'yar dabara kuma: ana yanka tagar daidai inda kwalba ta fi cika ido, ita kwalbar kuma bangonta biyu ne, ciki ɗan mitsitsi. Lambar giram ko mililita da ke rubuce ce gaskiyar yawan kayan. Ledar tagar kuwa, da an yage kwali kwata take nufa, ta haɗu da 'yan'uwanta masu toshe magudanan ruwa da damina.

Wata ƙawata da na nuna wa wannan rubutu ta ce ai masu jabu ma sun iya buga lambar NAFDAC ta ƙarya, to mene ne amfanin karatun? Gaskiyarta, suna bugawa. Amma buga kwali mai taga ya fi musu sauƙi, don babu wanda zai kama ka da laifin manna leda. Kuma rubutun baya yana tona asiri ta hanyoyi da yawa. Kwalin da babu sunan kamfani da cikakken adireshi, babu ranar yi da ranar lalacewa, babu jerin sinadaran da aka haɗa, ko Turancinsa duk a karye, ko ya yi alkawarin mayar da ke fara cikin kwana bakwai, ya riga ya gaya miki ko shi wane ne. Mu da muke zuwa makaranta kullum ba mu da uzurin sayen abu kamar waɗanda ba su iya karatu ba. Sau da yawa ma mu ake aika wa Mama da Anti sayayya, don haka fatarsu ma tana hannunmu.

Abin da nake roƙo ba shi da wuya. Ki duba launi ta taga, sannan ki juya kwalin. Ki nemi lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa. Idan kin ga ɗan zanen kwalba mai buɗaɗɗen murfi an rubuta 6M ko 12M, watannin da kayan za su yi ne bayan an buɗe, sai ki rubuta ranar da kika buɗe da biro a gindin kwalbar. Ki ce wa mai shago ya ɗauko miki na cikin katan, ba wanda ya kwana biyu yana shan rana a gaba ba. Haɗin da aka ɗura a roba babu suna babu komai, ko da ƙawarki ce ta haɗa, ki bar mata abinta. 'Yan'uwa maza masu sayen turare da man gashi, da ku nake, kada ku wuce kuna dariya.

Ina kuma kira ga shugabannin kulob ɗinmu su nemi izinin malamar kimiyya mu ware rana guda kafin walima, kowa ya kawo kwalin abin da yake shafawa, ta rubuta mana sunayen sinadaran nan masu haɗari a allo yadda ake rubuta su da Turanci, mu bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya mu duba. Ni zan kawo guda biyar daga kantar Yaya, ta riga ta yarda.