Kafin Ka Tura Littafin Nan A Guruf, Buɗe Shi Tukuna

Wata ƙawata da muke aji ɗaya ta kusa haƙura da koyon Python a zangon da ya wuce. Kwana uku tana kwafar misali ɗaya daga wani littafi da aka turo a guruf ɗinmu na WhatsApp, kwamfuta tana mayar mata da saƙo iri ɗaya: IndentationError. Har ta fara cewa ita dai kanta ba na wannan harka ba ne. Da muka samo asalin littafin muka kwatanta, ashe babu laifinta ko kaɗan. Wanda ya juya shi daga PDF zuwa EPUB don ya yi daɗin karantawa a waya, ya share duk ratar da ke farkon layukan bai sani ba.

Za ka ce rata kuma har wani abu ce? A Python, yaren da Guido van Rossum ya fitar a 1991, ratar nan nahawu ce. Ita ke nuna wa kwamfuta wane umarni ne yake ƙarƙashin wane. Layin da ke ƙarƙashin "if" dole ya matsa ciki, galibi da tazara huɗu. Idan ratar ta ɓace, shirin zai ƙi tashi. Idan kuma layi ɗaya ne ya goce, yana iya tashi ya ba ka amsar da ba daidai ba, wannan ya fi muni.

Mu Hausawa ai mun san irin wannan ciwo. Sau nawa waya ta cinye mana ƙugiya, ƙafa ta koma kafa, ƙasa ta koma kasa? To mu muna iya gane abin da ake nufi daga sauran zancen. Kwamfuta ba ta san kara ba, abin da ka ba ta shi take bi.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. EPUB shafukan intanet ne aka ɗaure wuri ɗaya, kuma a ƙa'idar HTML, tazara goma a jere tamkar guda ɗaya ce, sai dai in an killace rubutun da alamar "pre". Shi kuma PDF wurin zaman kowane harafi a shafi yake adanawa, don haka manhajar juyawa sai dai ta yi lalube. Masu Calibre, manhajar kyauta da aka fi yin wannan aiki da ita, da kansu suna gargaɗin cewa PDF mummunan tushe ne na juyawa. Ƙari a kan haka, ƙaramin allon waya yana karya dogon layi gida biyu, wani lokacin kuma alamar zance miƙaƙƙiya ta koma lanƙwasasshiya, Python ta ƙi karɓa.

Shawarata, ɗan'uwa: littafin koyon rubuta manhaja in a PDF ya zo, bar shi a PDF, ka kwantar da wayar ka karanta. In EPUB kake so, nemi wanda mawallafin ya fitar da kansa. Shafin Python yana ba da littafin jagorarsa kyauta a EPUB, littafin Al Sweigart, Automate the Boring Stuff with Python, shi ma ana karanta shi kyauta a intanet. In kuwa dole sai ka juya, buɗe shi bayan ka gama, ka kwafi misali biyu ko uku ka gwada su kafin ka danna tura.

Na san da kyakkyawar niyya kake rabawa, data ta yi tsada, ba kowa ke da laftof ba. Amma mai koyo ba ya zargin littafi, kansa yake zargi. Ƙawata ta ci sa'a mun gano. Wanda ke zaune shi kaɗai da wayarsa da gurɓataccen littafi fa, wa zai gaya masa?