Ƙetare Iyaka da Ɗan Abin Hannu

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wani ra'ayi da ya daɗe da kama zukatanmu, wai fita ƙasashen waje sai mai hannu da shuni. Da an ambaci ƙasar waje sai hankalinmu ya tafi Ingila ko Dubai, mu lissafa kuɗin jirgi da na biza, mu tarar albashin shekara ba zai biya ba, mu haƙura. Mu 'yan kudancin Katsina, daga Tafoki da Faskari har Ƙanƙara da Sabuwa, da yawanmu za mu gama jami'a ba mu taɓa taka Maraɗi ba, alhali tsakaninta da birnin Katsina bai kai kilomita 100 ba. Mu a ganinmu wannan asara ce, kuma maganinta yana hannunmu.

Mu tuna kakanninmu ba su san jirgin sama ba, amma sun san duniya. Fatake sukan tashi daga ƙasar Hausa da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙi da jar fata, su yi watanni kan hanya har Salaga ta ƙasar Gwanja, su komo da goro. Kowane ayari da madugunsa, da jagaba mai shiga gaba, an kuma san zangon da za a sauka da fiton da za a biya a kowane kogi. Alhaji Umaru, malamin nan da aka haifa a Kano, ta wannan hanya ya kai Salaga, daga bisani ya zauna Kete-Karachi har ya rasu a 1934. Maniyyata kuwa a ƙasa suke ratsa Cadi da Sudan, suna tafe suna ƙodago, har wasu su shekara biyar ba su ga Ka'aba ba. Abin da ya kai su shi ne shiri da haƙuri da tafiya cikin jama'a, kuma abubuwan nan uku har gobe ba a sayen su da kuɗi.

Shirin farko shi ne takardu. A 1979 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka ƙulla yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga 'yar'uwarta ba biza, ya zauna har kwana 90. Amma rashin biza ba ya nufin rashin takarda. A watan Satumba na 2025 an mai da kuɗin fasfo mai shafi 32 naira 100,000, abin da ya fi ƙarfin ɗalibi da yawa. Wanda nufinsa bai wuce Afirka ta Yamma ba, sai ya tambayi Hukumar Shige da Fice takardar tafiya ta ECOWAS, wadda ta fi fasfo sauƙin kuɗi, tana kuma aiki shekara biyu. Bayan ita sai katin rigakafin shawara, wanda ake kira katin rawaya. Dole a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin a tashi, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa allura ɗaya ta ishi mutum tsawon rayuwarsa. Ma'aikaci ya nemi iznin ofishinsa a rubuce, ɗalibi ya karɓi wasiƙa daga ofishin kula da harkokin ɗalibai. A ɗauki hoton kowace takarda a waya, a bar kwafi a gida.

Kada wani ya ce ai harshenmu ɗaya, addininmu ɗaya, wa zai tambaye mu takarda? Tarihi ya riga ya ba da amsa. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice, Hausawan zango da yawa suka baro shaguna da gidaje. A 1983 mu ma Nijeriya muka yi wa 'yan Gana haka. Ko kwanan nan, an rufe iyakokinmu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, ko da yake ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa zirga-zirgar jama'a za ta ci gaba har sai an ji wani sabon bayani. Saboda haka kafin a sa ƙafa, a tambayi jami'an shige da fice da direbobin da ke bin hanyar kullum. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu shi ne guzuri. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne, mun san masara da waken soya da auduga ba su da daraja da kaka kamar yadda suke yi bayan wasu watanni. Wanda ya ware buhu biyu daga gayaunarsa ya adana, ko ya shiga adashi da abokan aikinsa na wata goma, ya sami abin tafiya ba tare da ya ci bashi ba. A raba kuɗin kashi uku: na mota, na ci da kwana, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓa shi sai dole, ba a kuma sa shi aljihu ɗaya da sauran. Sefa iri biyu ce: ta Nijar da Binin da Togo daban, ta Cadi da Kamaru daban, ba a kashe ɗaya a madadin ɗaya. Gana kuwa sidi take kashewa. Sa'an nan a koyi lissafin kasuwar Nijar tun daga gida: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika guda sefa 1,000. Baƙon da bai san wannan ba, in mai tuwo ta ce masa dala ɗari, sai ya miƙa sefa 100 ya tsaya jiran godiya, alhali 500 take nufi.

To, ina za a nufa? Mu dai shawararmu a fara da maƙwabta. Daga Tafoki a shiga Funtuwa, a bi ta Malumfashi zuwa Katsina, daga nan Jibiya, a ƙetara Ɗan Isa, sai Maraɗi. A can ne zuriyar sarakunan Katsina na dauri suka kafa gari bayan jihadi, har yau kuma sarkinsu Sarkin Katsina ake kiransa, ga Tsibiri ta Gobirawa a gefe. Bakatsinen da ya karanta tarihin ƙasarsa daga wannan ɓangare kaɗai, rabi ya karanta. Mai bi ta Daura da Kwangwalam zai faɗa Damagaram, wadda ta riƙe hedikwatar Nijar har 1926, ya ga unguwar Birni da fadar Sarki. Wanda ya dace da lokacin kokawar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975 ake kuma zagayawa da ita jiha-jiha, zai sha kallon da ba a samu a talabijin. Harshe ba zai zame masa cikas ba, tun da a 2025 ma Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Iyakarta ya saba kunnensa da jandarma da duwan da lakwal.

Mai ɗan ƙarfi ya miƙa Gana ta Ikko da Kwatano da Lome, ya tuna iyaka uku zai ratsa. A zangon Kumasi, ko Nima da Sabon Zango na Ankara, zai ji Hausa da wata irin murya, ya karya da koko da ƙosai, ya gane cewa abincin da mutanen Gana ke kira wace, shinkafa da wakenmu ce ta sami sabon suna. A irin waɗannan unguwanni ba a rasa masauki mai sauƙi in aka bi ta hannun sarkin zango ko limami. Sai dai baƙo ya riƙe mutuncinsa: ya tafi da tsaraba ko da kilishi ne ko daddawa, kada ya zarce kwanakin da ya ambata, kada ya ɗauki hoton bariki ko shingen jami'an tsaro, kada kuma ya karɓi saƙon da bai ga cikinsa ba.

Mun san za a ce mana, mutanen da ba sa iya zuwa kasuwar Sheme da kwanciyar hankali, su ne za a yi wa zancen yawon buɗe ido? Maganar tana da nauyi. Ba mu manta da ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara da aka kwashe a Disamba 2020 ba, kuma hanyar Jibiya kanta ta sha fama da 'yan bindiga. Don haka ba tafiyar dare, ba shiga motar da ba ta tasha ba, ba bin hanyar daji don gudun shinge. In labarin hanya bai yi daɗi ba, a ɗage tafiyar, gari ba ya gudu. Amma mu lura, ko mun yi zancen ko ba mu yi ba, samarinmu suna fita, kuma da yawa ta hannun dillalan da ke yi musu alkawarin aiki a Libiya ko Aljeriya. A Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewa da Arlit, galibinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Saurayin da ya taɓa ƙetare iyaka da takardarsa a hannu, ya san kuɗin kowace mota da haƙƙinsa a gaban kowane jami'i, da wuya dillali ya yaudare shi ko ya yaudari ƙanensa.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu. Akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, akwai ta André Salifou a Damagaram, akwai ta Abdou Moumouni a Yamai. A rubuta wa ƙungiyoyin ɗalibansu, a shirya ziyara a hutun lokacin ɗari, a ɗauki shatar mota guda a raba kuɗin, su sauke mu a ɗakunan kwanansu, mu ma mu sauke su in sun zo. A naɗa madugu daga cikinmu, a naɗa ma'aji, kowa kuma ya dawo da rubutaccen bayanin abin da ya gani don a buga a wannan mujalla. Wanda ke da niyya ya fara da allurar shawara da buɗe adashi tun wannan wata. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.