Lambar "kiran kyauta" da ke cinye kati: 0800 ko 0700?

1/ Jama'a ku matso, akwai maganar da na daɗe ina son mu yi. Idan an ce maka lamba ta "kiran kyauta" ce, da gaske ba a cire maka ko kwabo in ka kira da wayar hannu? Amsar: wani lokaci e, wani lokaci a'a. Kuma ba kowa ke gaya maka wanne ne wanne ba. Zare 🧵

2/ Ga abin da ya sa na tada maganar. Watannin baya, wajen sha ɗaya na dare, alat ya shigo wayar ƙanwata. An cire kuɗi daga asusunta, ita kuwa tana zaune a ɗaki, katin ATM ɗinta na cikin jaka. Kafin ta gama karanta na farko, na biyu ya shigo.

3/ Ta juya bayan katin, ta ga lambar kastoma kiya da ta fara da 0700. A zatonta irin lambobin kyautan nan ne. Ta kira. Na'ura ta ɗauka, danna kaza don kaza, danna kaza don kaza, sai aka sa mata kiɗa. Tana jira, hannunta na rawa, mintoci na tafiya.

4/ Kafin ɗan Adam ya ɗauka, kira ya yanke. Kati ya ƙare. Ta ci bashin kati, ta sake kira, ta koma ƙarshen layi daga farko. Sai da ta shigo ɗakina ta ce "Yaya, ara min wayarka" sannan muka samu aka rufe asusun. A tsakanin nan an ƙara cire wani.

5/ Bari mu fara daga tushe. Babu kiran da ba a biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da "kiran kyauta" ke nufi shi ne mai karɓar kiran ne zai biya, ba mai kira ba. Kamfanin ya cewa masu layi: duk wanda ya kira wannan lambar, ku rubuta a kaina.

6/ Tsarin tsoho ne. A Amurka kamfanin AT&T ya fito da lambobin 800 tun 1967, zamanin wayar gida mai igiya, lokacin da kiran wani gari ke da tsada sosai. Otal da kamfanonin jiragen sama suka ga gara su biya kuɗin kiran da mai saye ya fasa kira.

7/ Da wayar hannu ta zo sai lissafin ya rikice. Kamfanonin wayar hannu suka ce: kiran nan ta kan ƙarfen sabis ɗinmu ya bi, abin da ake ba mu daga wancan ɓangaren bai biya ba. Mafita mai sauƙi a wurinsu? Su cira daga mai kiran. Lamba ta kyauta, amma kati na tafiya.

8/ Ingila ta yi shekaru a haka. Ka kira 0800 da wayar gida, kyauta. Ka kira lamba ɗaya ɗin nan da wayar hannu, wasu layukan su cire maka har kwabon Ingila 40 a minti ɗaya. Wa abin ya fi shafa? Wanda ba shi da halin ajiye wayar gida. Talaka ke nan.

9/ Sai hukumar sadarwarsu, Ofcom, ta taka burki. Daga ranar 1 ga Yuli 2015, duk lambar da ta fara da 0800 ko 0808 ta zama kyauta daga wayar hannu kamar yadda take daga wayar gida. Kamfanin da ke son a san shi da lambar kyauta, ya biya cikakken kuɗinta.

10/ Ba su tsaya nan ba. Lambobin da ake biya, irin masu farawa da 084 da 087, aka ce duk inda kamfani ya buga lambar, dole ya rubuta nawa yake caja a gefenta. A talla, a takarda, a shafinsa na intanet. Ka san farashi kafin ka danna kira. Wannan ɓangaren ya fi burge ni.

11/ A Amurka kuwa har yau akwai sauran rina a kaba. Kiran 800 kyauta ne ta fuskar kuɗin nisa, amma in tsarin layinka na mintoci ƙidayayyu ne, mintocin za su ragu. Don yawancinsu suna kan tsarin kira ba iyaka ne ya sa ba sa jin abin a jikinsu.

12/ To mu dawo gida Najeriya. A tsarin lambobi na hukumar NCC, 0800 ita ce ta kiran kyauta: mai lambar ke biya. 0700 kuma BA ta kyauta ba ce. Lamba ce mai sauƙin haddacewa, sau da yawa tana rubuta sunan kamfanin in ka bi haruffan da ke kan madannan waya. Kai ke biya.

13/ Kuma kar ku ga laifin wanda ya ruɗe. Layukanmu na yau da kullum ai da 0803, 0806, 0802, 0805, 0703, 0706, 0705 suke farawa. Ido ya saba da 080 da 070. Duk bambancin yana kan lamba ta huɗu. Wa ke tsayawa ƙirga lamba ta huɗu ana kwashe masa kuɗi?

14/ Abin dariya ma: 0808 da take lambar kyauta a Ingila, a nan layin Airtel ne kawai, irin na maƙwabcinka. Don haka abin da ka karanta a shafin wata ƙasa game da "lambobin kyauta" kar ka ɗauko shi ka ɗora a kan Najeriya. Kowace ƙasa da tsarinta.

15/ Gajerun lambobin da suke kyauta a nan, ku adana su:
112, agajin gaggawa
122, jami'an kiyaye haɗurra na FRSC
622, kai ƙarar kamfanin waya wurin NCC
6232, hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC
300, kastoma kiya na layinka, tun da aka daidaita lambobin duk layuka a 2023

16/ Wani tarkon kuma, musamman ga masu neman makaranta ko aiki a waje. Ka ga lambar jami'a ko kamfanin jirgi ta fara da +44 800 ko +1 800, an rubuta kyauta. Kyautar nan a cikin ƙasarsu ce. Daga Kano ko Kaduna, ko dai a caje ka kuɗin kiran ƙasar waje, ko kiran ya ƙi shiga sam.

17/ Haka in kai ne ka fita. Kana Saudiyya aikin Umara da layinka na Najeriya a waya, kar ka ɗauka lambar da take kyauta a gida za ta zama kyauta daga can. Kafin ka tafi ka nemi lambar bankinka ta kira daga waje, mai farawa da +234, ka ajiye.

18/ Yanzu ga ra'ayina. Mu a nan kusan babu mai wayar gida. Tun da GSM ya shigo a 2001, wayar hannu ita ce waya. Don haka duk lambar neman taimako, da wayar hannu za a kira ta, kuma yawancinmu kati muke sawa na ɗari biyu, na ɗari biyar, ba biyan wata muke yi ba.

19/ A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Mu ɗauka, don misali kawai, minti ɗaya naira 15 ne. Jiran minti 20 ya zama naira 300. Ka biya 300 don ka ji kiɗa, kafin ka buɗe baki ka ce an sace min kuɗi.

20/ Na san wani zai ce "haba, 300 ai ba kuɗi ba ne". Ɗan'uwa, ba yawan kuɗin ba ne, samunsu a daidai lokacin ne. Ƙarfe sha ɗaya na dare, mai kati ya rufe, asusun da za ka sayi katin da shi kuma shi ne ake kwashewa. A lokacin nan 300 ta fi ƙarfin mutum.

21/ Amma babban dalilina ba wannan ba ne. Ku duba wa jira ke yi wa ciwo. In kai ke biyan kiran, ko awa ɗaya ka yi a layi kamfanin bai yi asarar sisi ba. Babu abin da zai matsa masa ya ƙara ma'aikata. Hasali ma in katinka ya ƙare ka haƙura, ƙorafi ɗaya ya ragu.

22/ In kuwa shi ke biya, duk minti ɗaya na kiɗan nan daga aljihunsa yake fita. Ranar da akanta ya ga nawa aka kashe kan mutanen da ke jira, ranar za a ɗauki ƙarin masu amsa waya. Lambar 0800 ba tausayi ba ce kawai, hanya ce ta sa kamfani ya ji zafin jinkirinsa.

23/ Akwai hujjoji a ɗaya ɓangaren, kuma ba na banza ba ne. Ta farko: ai kuɗin a kanmu zai dawo, za su ƙara wani caji. Zai yiwu. Amma yanzu ma muna biyan kuɗin alat da kuɗin tura kuɗi. A raba nauyin kan kowa ya fi a ɗora shi kan wanda aka yi wa sata a daren da aka yi masa.

24/ Ta biyu, kuma wannan laifinmu ne: in ka ba ɗan Najeriya layin kyauta, sai ya mai da shi abin wasa. Masu kiran 112 don gwada waya, masu zolaya, masu neman hira da muryar mace. Wallahi wannan halin yana toshe layi ga wanda ke kwance a bakin titi. Mu daina, don Allah.

25/ Amma maganin wannan ba a hukunta mai gaskiya ba ne. Kowane layi yanzu yana haɗe da lambar NIN. Wanda ya mai da layin ƙorafi wurin wasa, a toshe lambarsa. Kuma ban ce duk kira ya zama kyauta ba. Mai tambayar bashi ko sabon asusu ya biya. Mai rahoton sata kuwa, a'a.

26/ Ta uku: ai akwai manhaja, akwai WhatsApp, akwai DM. To, ga mai babbar waya da data. Inna da ke ƙauye da ƙaramar wayarta mai tocila fa? Sannan duk wanda ya taɓa ƙorafin banki a dandalin nan ya san yadda asusun bogi ke rububin "taimaka" masa. Nan ma ake ƙara sace wasu.

27/ Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa: ko a Ingila ba a tilasta wa bankuna lambar kyauta ba, an dai hana su cajin kastomansu fiye da kuɗin kira na yau da kullum. Amma can yawanci mintoci na cikin kuɗin wata. Mu da muke ƙirga sakan, buƙatarmu ta fi tasu.

28/ Abin da nake so a yi, uku ne kacal:
Ɗaya, NCC ta wajabta rubuta "kyauta" ko farashin minti a gefen duk lambar kastoma kiya.
Biyu, na'ura ta faɗa a farkon kira in ana caja, har da Hausa.
Uku, CBN ta wajabta wa kowane banki layin rahoton sata na kyauta, dare da rana.

29/ Wasu kamfanonin sun riga sun ajiye 0800, sun cancanci yabo. Ke nan abu ne mai yiwuwa. Saura a mai da shi doka, ya daina zama alfarma. Kuma a buga ta a bayan kati, inda ido zai fara kaiwa, ba a ɓoye ta can ƙasan shafin intanet ba.

30/ Kafin a yi, ga abin da ke hannunka. Danna *310# ka ga kuɗinka kafin ka kira, ka sake dannawa bayan ka gama. In lambar 0800 ce kuma ka ga an cire, ɗauki hoton allo, kira 300 ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su gyara ba, kira 622 ka ba su lambar.

31/ Sannan yawancin bankuna suna da lambar dannawa ta rufe asusu ko kati nan take, ba sai ka yi magana da kowa ba. Nemi ta bankinka YAU, daga reshe ko shafinsu na gaskiya. Rubuta ta a takarda, ka koya wa iyayenka. Da mun san tamu a daren nan, da cirewa ta uku ba ta faru ba.

32/ Yanzu ɗan aiki. Ciro katin ATM ɗinka, juya bayansa, duba lambar kastoma kiya. 0800 ce, 0700 ce, ko layi ne kawai? Ku faɗa min a ƙasa, mu ga yadda abin yake. Amma don girman Allah, lambobi huɗun farko kawai za ku rubuto. Kar wanda ya turo hoton katinsa 😅