Caca Ce, Ko da Sun Kira Ta Wasa

Iyayen yara na Badarawa, ku zo mu faɗa wa juna gaskiya. Kamfanonin da ke yin wasannin gem suna yashe aljihun 'ya'yanmu da rana tsaka, mu kuma mun zuba ido muna cewa ai wasa ne.

A da, in mai gidan gem ya sayo faifan PES ko na FIFA, shi ke nan, ya saya, nasa ne. Ya tayar da janareta, yara su biya kuɗin wasa ɗaya, su buga su tashi. Kowa ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa. Yanzu fa? Ka biya dala 70, kuɗin da ya haura naira 70,000 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi, ka kunna, sai a ce maka akwai saura, ka ƙaro kuɗi ka sauke. A 2012 kamfanin Capcom ya fitar da Street Fighter X Tekken, aka gano 'yan wasa 12 suna nan cikin faifan da mutane suka riga suka saya, an dai kulle su ne sai an biya dala 20. Wato mutum ya sayar maka da gida, ya karɓi kuɗinsa cif, sannan ya riƙe makullin ɗaki ɗaya ya ce wannan cinikinsa daban. Wa zai yarda da wannan a Kwaru ko Malali?

Ban ce duk ƙari haramun ba ne. In sun zauna sun yi sabon aiki bayan wasa ya fita, suka faɗi abin da ke ciki da farashinsa, su sayar, guminsu ne.

Abin da ke ƙona min rai shi ne waɗanda ake cewa kyauta ne. PUBG Mobile, Free Fire, da eFootball da Konami ya maye gurbin PES da shi a 2021. Kyauta! Banza ba ta kai zomo kasuwa. Tsaya a rumfar mai POS bayan magariba ka ga abin takaici. Yaron da bai kai shekara sha biyar ba, ya zaro 'yan dubu-dubu a cukuikuye daga aljihun wando, yana karanto lambar asusun dillali daga wayar da fuskarta ta tsage, yana cewa, "Yaya, don Allah yi sauri, garaɓasar za ta ƙare." Me zai saya? UC ko dayamon, wato kuɗin da ake kashewa a cikin wasan. Ya yi me da su? Ya saya wa ɗan wasansa riga, ya canza wa bindiga launi, don kada abokai su yi masa dariya. Shi kuwa silifas ɗin ƙafarsa ya tsinke. Ga kuɗin data, wanda hukumar NCC ta amince a ƙara masa har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ga kuɗin caji in babu wuta. Daga ina yaro yake samo wannan kuɗi? Ni da kai mun sani. Canjin cefane ne, kuɗin makaranta ne, wani lokaci zubin adashin uwarsa.

Kuma da ma abin da yake so ake ba shi kai tsaye, da sauƙi. Ina! Sau da yawa akwati ake sayar masa a rufe. Ya biya, ya buɗe, ko ya dace ko ya tashi a tutar babu, ya sake biya. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa ba a cinikin kifi a ruwa ko tsuntsu a sama, don mai saye bai san abin da zai samu ba. To wannan da caca, ai ba cinya ba ƙafar baya. Muna tsine wa shagon caca na bakin titi, alhali ga ta a ɗakin yara, cikin wayar da mu muka saya musu. A wasan Ultimate Team na kamfanin EA, masu FIFA, kuwa, duk 'yan ƙwallon da ka tara da kuɗinka ba sa bin ka zuwa fitowar baɗi. Ka faro daga farko.

Kada wani ya ce ƙauyanci ne ke damuna. Ƙasar Beljiyam ta ayyana irin waɗannan akwatuna a matsayin caca tun 2018, har EA ya daina sayar da makin FIFA, da ake sayen akwatunan da shi, a can a farkon 2019. A Amurka, a Disambar 2022, hukumar FTC ta sa Epic Games, masu Fortnite, ya amince zai mayar wa mutane dala miliyan 245 saboda dabarun da suka sa 'yan wasa, har da yara, sayen abin da ba su yi niyya ba. Su da ke da dalar sun ce a'a. Mu da nairarmu ta sha ƙasa mu ne za mu yi shiru?

Hukumar FCCPC, an kafa ki ne don kare mai saye, kuma yaron Badarawa ma mai saye ne. Limamanmu, ku kira abin nan da sunansa a kan mumbari. Kai kuma ɗan uwa, yau da dare karɓi wayar ɗanka, ka ce ya nuna maka abin da ya saya a wannan wata da nawa ya biya, sannan ka cire katin bankinka daga ciki.